Uban Goge a Zauren Alhaji Ɗangana

"Ba ni ba mai goge ɗiyata, ko da zinariya anka ƙera gogen."

Haka Alhaji Ɗangana ya faɗa wata uku da suka wuce, yana zaune a kan buhun albasa a rumfarsa ta babbar kasuwar Malanville, garin kan iyakar Benin da Nijar. Tun daga ranar, 'yarsa Ummul-Khairi ba ta ƙara sa loma a baki ta ji daɗinta ba.

Ba wai yarinya ba ce da za a yi wa dole. Shekarunta ashirin da bakwai, malama ce a lakwal, makarantar bokon 'yan mata, kuma shi kansa Alhajin ya ce ba ya ɗaura mata aure da wanda ba ta so. In ta ga dama ta karɓi Latifu, ɗan ƙanwarsa mai fiton kaya a duwan, wato kwastan. In ba ta ga dama ba ta zauna gidan ubanta har furfura. Amma Abdoulrazak da take so, mai gogen nan mutumin Gaya ta Nijar, a'a.

Shi kuwa abin da Abdoulrazak ke kaɗawa, Turawa biyolonsel suke ce masa. Mutanen Malanville ba su da lokacin murɗa harshe. Da suka ga abu mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ana goga masa izga yana kuka, sai suka ce ai uban goge ne. Sunan kuwa ya bi shi.

Shekara tara ya yi yana koyonsa, biyu a Yamai, bakwai a Faransa, inda aka koya masa karanta kiɗa daga takarda kamar yadda ake karanta littafi. A can kuma ya faɗa cikin masu kiɗan jaz, waɗanda ke ɗaukar ɗan take guda su yi ta juya shi nan take, na yau daban na gobe daban, ba takarda ba komai. Ya haɗa biyun suka zama sana'arsa. An san shi a Kwatano, an san shi a Abijan, ana aiko masa da tikitin jirgi daga ƙasashen da Ummu a taswira kawai take nuna wa ɗalibanta.

Duk wannan ko a jikin Alhaji. A garin nan kowa ya san aikin goge, da shi ake kiran iskoki a gidan bori.

An kai ruwa rana. Ummu ta yi kuka, ta rame, ta aika manya, aka dawo da su. A ƙarshe Malam Mamudu, limamin unguwa, tsohon da Alhaji ba ya ƙetare maganarsa, shi ya kawo mafita.

"Shi zo da abin nai zauren ga mu gani da idonmu," in ji Malam. "In daga takarda shika karantawa, ido buɗe, to ilimi na, kamar na lokotoron asibiti. In ko rumtse ido shikai abu shi zo mai daga inda ba a sani ba, to mun san mai aiko shi."

Aka sa rana, yau Talata bayan la'asar. Alhaji ya rantse abin da aka yanke yau shi ke nan, ba a ƙara tayar masa da maganar. Ranar Asabar kuma Abdoulrazak zai tashi yawon kiɗa na wata shida.

Jiya da yamma Ummu ta kira shi.

"Takarda kaɗai, Abdoul. Don Allah, don Annabi. Kada ka rumtse idon ga naka ko ƙura ta hwaɗa ciki."

Ya yi dariya, sannan ya daina.

"Na ji, takarda. Amma in sun tambaye ni gaskiya, Ummu, ba ni yi ma ubanki ƙarya. Ba ni shiga gidan mutum da rabin kaina ɓoye cikin aljihu."

Wannan gaskiyar tasa ita ta sa ta so shi. Ita ce kuma yau ta hana ta sukuni.

*

Da hantsi Latifu ya iso. Turarensa, kamar kullum, shi ya riga shi sallama.

Ya tarar da Alhaji a tsakar gida yana shan koko, Ummu na shanya, Kaka kuma, mahaifiyar Alhaji, na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa a faifai. Ya gaida kowa har ƙasa, irin gaisuwar mai ɗauke da wani abu a ransa, sannan ya zaro talho, wayarsa ta hannu.

"Kawu, ba don in ɓata kowa ba. Wani abokina yat turo mini daga Kwatano. Na ce ya kamata ka gani kahin la'asar."

Ya miƙa. Ummu ta hango daga inda take. Abdoulrazak ne a wani wuri mai jajayen fitilu, uban gogen tsakanin gwiwoyinsa, ido a rumtse, kai na kaɗawa, gumi na zuba, mai ganga da mai ƙaho na biye da shi.

Alhaji bai kalla ya kai ƙiftawa biyar ba ya ture hannun.

"Kashe mini shi. Na ga abin da nig gani." Ya ajiye kokon, ya shige zaure. A bakin ƙofa ya juyo ya dubi Ummu. "Ke ko ba ki hita gidan ga yau. Kada a ce ke kit tare shi kan hanya kik koya mai abin da za shi ce."

Latifu bai kashe ba. Ya bar abin yana ta yi, yana zagaya tsakar gida da shi don dai ya ƙona wa Ummu rai. Can gangar ta lafa, ƙahon ya yi shiru, uban gogen ya rage shi kaɗai, sai ɗan taken da aka gina kiɗan a kansa ya fito fili, a hankali, tsaf.

Ummu ta san shi. Ai nata ne. Bara da Abdoulrazak ya zo lakwal ɗinsu nuna wa yara kayan kiɗa, ya same ta tana goge allo tana rera shi a hanci. Ya tsaya a ƙofa har ta gama, sannan ya zauna ya maida mata shi ta hanya bakwai, kowace ta fi 'yar uwarta daɗi. Ya sa masa suna Taken Ummu. Daga ranar ta daina mallakar zuciyarta.

Faifan Kaka ya kife.

Shinkafa ta watsu, kaji suka yi caa. Tsohuwar ba ta ko kore su ba. Hannuwanta na nan a sama yadda faifan ya bar su, bakinta na motsi ba magana.

"Kin gani ko?" in ji Latifu, yana murmushin jin daɗi. "Har Kaka ta tsorata."

*

Sai da Latifu ya bi kawunsa zaure Kaka ta yafito Ummu. Ta ja ta ɗaki, ta saki labule.

"Ina yaron ga yas samu taken ga?"

"Wurina, Kaka. Ba shi na kika yi mini in ina kuka ba? Tun da Inna tar rasu kig goya ni, da shi nika barci."

Kaka ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni. Bakina ya ja mini, ya ja miki."

"Kaka, kina ba ni tsoro. Waƙar reno ta fa."

"Ba waƙar reno ba ta, ɗiyata. Taken ubana na."

"Ubanki? Ba manomi na ba, can Tumbutu?"

"Wancan kawuna na, shi yar riƙe ni." Ta rage murya har sai da Ummu ta matso. "Ubana Nura sunan shi, Sarkin Gogen Madekali. In yaj ja taken ga bakin kogi, mata har bakwai na hwaɗuwa. Taken iskokin ruwa na. Da anka zo neman aurena daga gidan ga, dangi sunka ɓoye shi, sunka ce shi yi nesa har a ƙare biki, don mutanen kasuwa ba su ɗaukar ɗiyar mai goge. Ranar da anka ɗauko ni, shina laɓe bayan wata tsamiya, shina kallo ana wucewa da ɗiyatai. Na gan shi. Bai iya ko ɗaga mini hannu ba, ni ma ban iya ba. Ban koma ganin shi ba har yab bar duniya."

Hawaye suka biyo kwarin kumatunta. Ummu ba ta taɓa ganin Kaka na kuka ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta.

"Shekara sittin da ukku ke nan. Ba ni da hoto nai, ba ni da ko tsumma nai. Taken ga kaɗai yar rage mini. Ba da gangan nikai ba, wallahi. In na ji ɗumin yaro bisa bayana, sai shi hito da kai nai."

Ummu ta durƙusa ta riƙe gwiwoyinta, ita ma tana kuka.

"Baba ya sani?"

"Ya sani. Shina ɗan shekara tara yaz zauna ƙohwar gida shina rera shi, uban shi yaj jiya. Da igiyar guga yad doke shi, har yau shatar na bayanai. Ni ko yac ce in yak koma jin shi gidan ga, in tattara in koma Madekali. Kin gane yanzu? Ba yaron Gaya ubanki ka ƙi ba. Jinin jikinai shika tsoro."

Ta share ido da bakin mayafi, ta kama hannun Ummu da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba.

"Malam Mamudu ɗan Madekali na. Ni bai gane ni ba, don Tumbutu nig girma, amma taken ga ya san shi sarai. In yaj ji shi zauren ga, ubanki ya gama ɗaga kai cikin garin ga, ke ko kin gama ganin yaron ga. Ki hana shi. Kuma ki rantse mini ba ki hwaɗa ma kowa inda kis samo shi."

"Na rantse, Kaka."

Ta fita da sauri ta ɗauko talhonta. Ta kira, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

Sai ta tuna. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, duk mai zuwa daga Gaya sai ta jirgin ruwa. Shi kuwa Abdoulrazak in zai ƙetare kogi kashe talho yake yi, ya ɗaure shi a leda, ya cusa cikin akwatin gogen, ba ya tunawa da shi sai ya ga dama. Sau nawa ta yi masa faɗa a kan haka.

Ta rubuta masa: "Kada ka taɓa takena yau, ko da wasa." Saƙon ya tafi ya tsaya, ba alamar ya isa.

Ta yi tunanin ta hau zem, babur ɗin haya, ta tare shi a bakin kogi. Amma gidan ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure, kuma Alhaji, wanda ko zazzaɓi ba ya hana shi kasuwa, yau ya shimfiɗa buzunsa a nan ya ƙi motsawa. Ta kira ƙanwar Abdoulrazak a Gaya, ta ce ai ya fita tun ɗazu.

Azahar ta yi, ta yi salla ba ta san abin da ta karanta ba. Aka kai mata abinci, ta mayar. Duk bayan minti biyu sai ta duba talho, saƙon na nan inda ta bar shi.

Ta yi ta lallashin kanta. Ai ya ce takarda. Ai takena ba ya cikin takarda. Duk da haka ta sake duba talhon.

*

Ana sallame la'asar zaure ya cika. Malam Mamudu a tsakiya, dattawan masallaci uku a gefensa, Alhaji a kan buzunsa, Latifu tsaye jikin bango kamar shi aka ba gadin wurin. Ummu ta laɓe bayan asabarin ƙofar cikin gida, inda take ganin kowa ba mai ganinta.

Sai ga Abdoulrazak da farar riga, ƙafar wandonsa jiƙe da ruwan kogi, akwatin a goye. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida kowa da ɗai-ɗai. Ummu ta yi gyaran murya, ta motsa asabarin. Bai ɗago ba. Yau ladabinsa ma ya zame mata masifa.

Ya buɗe akwatin. Ta hango ledar talhon a kusurwa, a ɗaure. Ya ture ta gefe ya ciro gogen.

Da ya fara goga wa izgar ƙaro, ɗaya daga cikin dattawan ya taɓa na kusa da shi.

"Ka gani? Ƙaro. Haka na gidan bori ka yi."

Abdoulrazak ya kafa takardunsa a kan ɗan ƙarfe, ya zauna a kujerar da aka ba shi, ya ja.

Zauren ya cika da wata murya mai kauri, mai taushi, tana hawa tana sauka a natse. Idonsa na kan takarda, bai ko ƙifta da yawa ba. Malam Mamudu ya tashi da sandarsa, ya zagaya bayansa, ya tsaya yana leƙen baƙaƙen ɗigon da ke jere a kan layuka. Can ya ɗaga hannu.

"Tsaya." Ya juya shafi biyu, ya dangwala yatsa a tsakiyar na uku, yadda yake gwada ɗalibi a karatu. "Hwara daga nan."

Abdoulrazak ya fara daga nan.

"Koma nan." Ya koma. Malam ya mayar da shi wurin farko, ya saurara da kyau ko zai fito iri ɗaya. Ya fito iri ɗaya. Tsohon ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna.

"Alhaji, wanga karatu na. Ban san harshen ba, amma karatu na."

Ummu ta jingina da bango. Ta ga fuskar ubanta ta ɗan sassauta, ta ji wani sanyi na ratsa ƙirjinta a karo na farko cikin wata uku.

"Malam, a yi mini gahwara," in ji Latifu. "Wanga na baƙi na. A tambaye shi na Kwatano."

Ya danna talho, ya zagaya da shi gaban dattawa, ba murya, hoton kaɗai. Ido a rumtse, kai na kaɗawa, gumi. Takarda ko ɗaya babu.

Alhaji ya dubi Abdoulrazak.

"Kai na wanga?"

"Ni na, Baba Alhaji."

"Kana iya rantse mini, in na ba ka ɗiyata, ba ka koma yin irin shi? Takarda kaɗai?"

Ummu ta cije mayafinta. Ka ce i, ka ce i, mu gyara daga baya.

"Ba ni iyawa, Baba," in ji shi a hankali. "Rabin aikina ke nan. In na rantse, na yi maka ƙarya. Amma wallahi ba iska ciki. Kamar mai ɗinki na, in ya ƙware sai shi yanka ba awo. Rumtse idon don in ji da kyau na. Ku bari in gwada muku, ido buɗe. In ɗauki abin da ba wanda ka tsoro, waƙar renon yara, ta gidan ga ma, wadda Ummul-Khairi tak koya mini. In ja ta yadda take, sannan in juya ta gabanku, ku ga hannu na, ba aljani ba."

Ummu ta buɗe baki za ta ce a'a. Muryar ba ta fito ba.

Ya ɗora izga.

Bai taɓa jan shi da daɗi kamar yau ba. Ya ja shi a hankali, yana murmushi, yana ɗan satar kallon asabarin, shi a ganinsa kyauta yake yi mata. Alhaji ya ƙame a kan buzu, carbi ya tsaya a yatsunsa. Malam Mamudu kuwa ya karkata kunne, goshinsa ya tattare.

"A'uzu billahi! Tsaya! Tsaya, yaro!"

Izgar ta tsaya a tsakiyar tsirkiya.

"Ka san abin da kaj ja? Taken Nura na, Sarkin Gogen Madekali! Ina yaro da idona nig ga mata na birgima bakin kogi kan taken ga. Ya hi shekara sittin ban ji shi ba." Ya juya a hankali. "Alhaji, cewa yay yi gidanka yaj ji shi."

Ido ya koma kan Alhaji Ɗangana. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula.

"Ƙarya shikai!" Muryarsa ta fashe. "Gidan bori yak koyo abin shi, shina son shafa mini. Ummu! Ummul-Khairi! Zo ki ƙaryata shi!"

Ta ɗaga asabarin. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

Ubanta na kallonta, kuma ba kallon fushi ba ne. Roƙo ne. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba yana roƙon 'yarsa da ido ta yi masa ƙarya. In ta ce ba ta san taken ba, ubanta ya tsira, Kaka ta tsira, a kori Abdoulrazak a matsayin maƙaryaci ɗan bori, ya ƙetare kogi ba dawowa. In ta ce ta sani, ta tone wanda ya haife ta.

Ta dubi Abdoulrazak. Murmushin ya gudu daga fuskarsa, ya gane ya yi ɓarna, bai dai san wace iri ba. Ya ɗan girgiza mata kai, wai ta ceci kanta ta bar shi.

Wannan girgiza kan ita ta karya ta.

"Gaskiya yah hwaɗi, Baba," ta ce, hawaye na zuba. "Ni nik koya mai. Ka yahe mini."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Ke kuma wa yak koya miki?" in ji Malam.

"Ba ni iya hwaɗi, Malam."

"Ba ki iyawa, ko ba ki sani ba?"

Ta girgiza kai. Ai ta riga ta rantse wa Kaka.

"To shi ke nan," in ji dattijon nan mai maganar ƙaro. "In ba mutum yak koya mata ba, su sunka koya mata. Kuma ita ad da ɗiyanmu lakwal!"

Latifu, wanda wata uku yana rantsuwar zai mutu a kanta, ya ja da baya taku biyu, yana tofa addu'a cikin wuyan rigarsa. Ummu ta gani. Ta ga aikinta na tafiya, ta ga sunanta na tafiya, ga aure ya riga ya tafi. Ta rufe fuska ta saki kuka.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin gida.

Sandar Kaka ce. Tun da aka kawo ta amarya ba ta taɓa shiga zauren nan da maza a ciki ba. Ta ture asabarin, ta dafa kan Ummu ta wuce, ta tsaya a gaban uban gogen, wanda ya kusa kai ta tsayi.

"Yaro, ka yi kuskure," ta ce. "Wurin saukowa ta ukku gaggawa kakai. Ubana ba shi gaggawa nan, jan ta shikai har sai ta kusa tsinkewa."

Dattawan suka dubi juna.

"Inna," in ji Alhaji, da wata ƙaramar murya. "Inna, koma ciki."

Ba ta ko dube shi ba.

"Mamudu, dube ni da kyau. Bara'atu ta, ɗiyar Nura. Shekara nawa ina salla bayanka, ka taɓa jin na hwaɗi ina birgima? Yara goma sha ɗaya nir rena da taken ga, ɗiya da jikoki. Wane iska tat taɓa? Barci kaɗai sunka yi. Yarinyar ga ni nir rantsar da ita, ta gwammace ku ce mata mai iska da ta tone ni. To ni ban gwammace ba."

Sannan ta juya wajen ɗanta. Ɗan fari ne, a rayuwarta ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Ɗangana."

Ya ɗago a firgice.

"An ɓoye ubana bayan tsamiya don in shigo gidan ga. Na yi shiru, na haihe ka. In jinin mai goge ba shi zama gidan ga, to hwara da ni, ka nemo mini zem shi kai ni Madekali. In na tahi kai ma ka biyo ni, don nonon ga kash sha."

Malam Mamudu ya miƙe. Ya gyara rawaninsa, ya nufi ƙofa, dattawan uku suka bi shi, Latifu ya riga su kaiwa ga takalmi. A bakin ƙofa Malam ya tsaya, ya juyo, yana jira. Shekara talatin bai taɓa fita daga zauren nan ba sai Alhaji ya raka shi har titi yana riƙe masa sanda.

Alhaji ya dafa ƙasa ya tashi. Ummu ta bi shi da ido. In ya bi su, shi ke nan.

Ya tsaya tsakanin ƙofa da uwarsa. Ya dubi liman, ya dubi tsohuwar da ke dogare da sandarta. Sai ya sunkuya ya ɗauki buzunsa, wanda ba mai zama a kai sai shi, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa a gabanta. Ya kama hannunta ya zaunar da ita. Shi kuma ya zauna a ƙasa, a kan siminti.

Malam ya ƙara jira kaɗan, sannan ya fita shi kaɗai da sandarsa.

Zauren ya rage su huɗu. Abdoulrazak ya fara lalubar akwati zai mayar da gogen.

"Wa yac ce ka rufe?" in ji Alhaji. "Gyara wurin da tac ce. Ba ka shiga gidan ga da taken kakana a karkace."

Ummu ta toshe baki da mayafi.

Kaka ta fara rerawa a hanci, Abdoulrazak ya ɗora izga ya bi ta, idonsa a buɗe yana kallon bakinta don kada ya sake kuskure. Da suka iso saukowa ta uku ya ja ta, ya ja, har sai da ta kusa tsinkewa.

Wanda ya rumtse ido Alhaji ne.